Ba A Raba Allurar Bisashe Da Kasuwarsu

Kowace shekara, idan kaka ta wuce sanyi ya shigo, gwamnati takan buɗe aikin allurar rigakafin bisashe, wadda mutanen karkara suka fi sani da lamba. Kyauta ake yin ta, kuma cututtuka uku aka fi nufa da ita: ciwon huhu na shanu, da annobar awaki da tumaki, da wani ciwon numfashi mai kama raƙuma. Magabata sukan taru a yi jawabi, a kama saniya ta farko a yi mata allura a gaban jama'a, sa'an nan ma'aikatan kiwo su bazu cikin daji. Aiki ne mai kyau, ba mai musun haka. Amma duk wanda ya san dajin Tanut da na Gure ya san cewa bisashe masu yawa sukan kwana shekara ba su ga allurar ba, kuma ba kullum ne laifin yake wuyan makiyayi ba. Ra'ayinmu a yau shi ne, muddin ana ɗaukar allura aikin wani ofishi, kasuwa kuwa aikin wani ofishi dabam, to za a daɗe ana zuba kuɗi ba a ga amfanin da ya kamata ba. Jahar Damagaram ce ta fi cancanta a yi wannan magana a kanta, domin ƙidayar noma da kiwo da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ta sami bisashe wajen miliyan 31 a ƙasarmu, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wannan dukiya a jahar Damagaram yake.

Mutumin Damagaram ba ya bukatar a koya masa abin da ke raya kasuwa, domin unguwar Zango tana nan ta ishe shi misali. A zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, sarki da fadawansa suna cikin Birni, a bayan ganuwa. Baƙi kuwa, wato Buzaye masu ayarin gishiri da fatake masu zuwa Kano da Tarabulus, a Zango suke sauke kaya. Baƙon da ya zo da raƙuma ɗari bai san kowa a gari ba, garin ma bai san shi ba. Abin da ya haɗa su shi ne mai masauki. Shi ke ba baƙo ɗaki da ruwa da wurin ɗaure dabba, shi ke nemo masa mai saye, shi ne kuma yake tsaya masa idan wata magana ta taso bayan ciniki. Attajirai irin su Malam Yaro da wannan amana suka yi suna har bayan hamada. Dillalin kasuwar bisashe na yau gadon wannan aiki yake ci: idan ya karɓi la'ada, ya ɗauki nauyin cewa dabbar nan ba ta sata ba ce. Sai dai akwai abin da dillali ba ya iya ɗaukar nauyinsa komai gaskiyarsa, shi ne abin da ke ɓoye cikin huhun saniya. Wannan shaida likitan dabbobi ne kaɗai yake iya bayar da ita, da allurarsa da takardarsa.

Tarihin bushiya ya kamata kowane ma'aikaci ya san shi, domin cikinsa akwai nasara, akwai kuma kuskure mai tsada. Wajen 1890 wannan cuta ta ratso ƙasashenmu daga gabas, ta kashe shanu har wasu garake ba su bar ko ta iri ba. Fulanin arewacin Najeriya sun laƙaba wa wannan annoba suna «Sannu», saboda gaisuwar jaje da ta cika bakin mutane. Bayan samun mulkin kai, a 1962, Nijar da Najeriya da Cadi da Kamaru suka haɗa hannu suka fara wani babban yaƙin allura a kewayen tafkin Cadi, daga baya ya bazu zuwa wasu ƙasashen Afirka har zuwa 1976. Cutar ta yi sauƙi ƙwarai, har mutane suka ɗauka ta ƙare. Masu ba da taimako suka tattara kayansu, ƙasashe suka sassauta da yi wa maruƙa allura, motoci suka lalace ba a gyara ba. Ashe ƙwayar tana nan laɓe a wasu lunguna, a iyakar Mali da Muritaniya da kuma kudancin Sudan. A farkon shekarun 1980 ta sake fitowa ta yamma da ta gabas, ta yi wa makiyayan Najeriya mummunar ɓarna a 1983, ga kuma farin 1984 ya biyo baya. Dole aka sake sabon yaƙi na Afirka baki ɗaya daga 1986.

Akwai wani abu cikin wannan labari da ya shafe mu kai tsaye, wanda ƴan ƙasa da yawa ba su sani ba. Maganin allurar bushiya na da, idan ya ji zafi ya mutu. Ma'aikaci yana iya yin tafiyar kwana uku, ƙanƙararsa ta narke a hanya, ya yi ta tsira wa shanu ruwan banza bai sani ba. Da masana suka gyara maganin ya zama yana jure zafi har wajen wata guda ba tare da sanyi ba, a dajin Nijar aka gwada shi, aka buga sakamakon a 1990. Wannan magani shi ne ya ba da dama a kai allura wuraren da mota da firji ba sa isa, a ƙasashe irin su Sudan da Habasha, ta hannun makiyayan da aka koya wa aikin. A 2001 aka ga cutar karo na ƙarshe a Kenya, a 2011 kuma aka sanar da duniya cewa bushiya ta ƙare. Ita ce cuta ta biyu da ɗan Adam ya taɓa kawarwa daga doron ƙasa, bayan agana.

To, cututtukan da suka rage mana ba su da sauƙin kai kamar bushiya. Allurar bushiya sau ɗaya ake yi, saniya ta tsira har mutuwarta. Ta ciwon huhu kuwa ƙarfinta ba ya wuce shekara, don haka garken da ya tsallake lamba bana ya koma kamar ba a taɓa yi masa ba. Abin da ya fi muni, saniya tana iya kamuwa ta warke a ido, ta yi ƙiba, alhali ƙwayar tana nan ƙunshe cikin huhunta. Ran da ta wahala da tafiya ko yunwa, sai ta shiga yaɗa ciwon da numfashinta a bakin rijiya ko a tsakiyar kasuwa. Annobar awaki da tumaki ita allurarta tana daɗewa, amma garken ƙananan bisashe saurin sauyawa gare shi: ana haihuwa, ana sayarwa, ana yankawa, cikin shekara biyu ko uku rabin garken sababbi ne. Ƙasashen duniya sun yi alkawari a Abijan a 2015 cewa za su kawar da wannan annoba kafin ƙarshen 2030, kuma masana sun ce sai allura ta game wajen kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na garake, shekara bayan shekara, kafin cutar ta rasa inda za ta sa ƙafa. Akuya kuwa ita ce asusun mace a ƙauye. Da ita ake sayen hatsi a watan bazara, da ita ake kai yaro likita. Wanda ya raina annobar awaki bai san gidan talaka ba.

Kada kuma a manta cewa wasu cututtukan bisashe ba a bisashe suke tsayawa ba. A 2016 zazzaɓin da ake kira na kwarin Rift ya ɓulla a yankin Cintabaradan cikin jahar Tawa, bisashe suka yi ta ɓari, mutane fiye da 30 suka rasa rayukansu, galibinsu makiyaya.

Ba za mu ce ba a yi kome ba. Ma'aikatar binciken cututtukan bisashe ta Yamai, wato LABOCEL, tana haɗa maganin allura a cikin ƙasa, tana kuma da reshe a Damagaram. Tun 2003, da aka fara a Dakwaro, an kafa tsarin likitocin dabbobi masu zaman kansu da ke zaune kusa da makiyaya, kowane likita da mataimakansa ƴan ƙauyuka da ƴan ruga waɗanda aka horar. Daga 2015 shirin PRAPS na Bankin Duniya, wanda ya haɗa ƙasashe shida na Sahel, ya gina shingayen allura da kasuwanni da rijiyoyi. Amma shinge ba ya aiki don an gina shi. Shingen allura wani kewaye ne na ƙarfe mai siririyar hanya, inda shanu ke bi ɗaya bayan ɗaya. Inda yake, mutum uku suna iya gama babban garke kafin rana ta yi zafi. Inda babu shi, sai a kayar da kowace saniya da igiya, kuma wanda ya taɓa riƙe ƙahon jan sa na Bororo ya san abin da ake nufi. Tambayar ita ce, a ina aka kafa shi? Shingen da aka gina a bakin gari don ya yi kusa da ofishi, babu rijiya kusa da shi, babu ciyawa, ba a kan burtali yake ba, makiyayi ba zai koro shanunsa yini biyu da ƙishirwa don ya same shi ba, kuma yana da gaskiya. Kafin a haƙa ramin ƙarfe na farko, a tambayi garso da arɗo da shugabannin ƙungiyoyin makiyaya irin su AREN. Su ne suka san inda garake ke kwana a watan Disamba.

Lokacin ma abin dubawa ne. Sa'ad da ma'aikata suke fita, garake da yawa sun riga sun gangara kudu, wasu sun ƙetare iyaka suna cin karan gonakin Jigawa da Kano da Yobe. Idan sun komo da damina, aikin lamba ya rufe. Wato dabbar da ta fi kowace yawo, wadda ta fi haɗuwa da baƙin garake, ita ce ta fi tsallake allura. Ba wuya ba ce a ajiye ma'aikaci da firji mai aiki da hasken rana a manyan mashigai, a yi wa garke allura ran da zai fita ko ran da ya komo. Tarukan makiyaya na ƙarshen damina, irin na Ingal, su ma dama ce da aka daɗe ana amfani da ita, ya kamata a faɗaɗa ta zuwa tarukan arewacin Tanut da Taskar.

Akwai kuma maganar kunne, wadda ake yawan kauce wa faɗinta a cikin rahoto. Don a san dabbar da aka yi wa allura, akan ɗan tsaga mata kunne ko a cire ɗan guntu. Masu tumaki da yawa suna ɓoye ragunansu saboda wannan, domin suna tsoron ragon da aka taɓa kunnensa ba zai yi layya ba, mai saye zai rage masa kuɗi. Ba wauta ba ce, lissafi ne na wanda ya yi wata shida yana ba rago dusa da harawa. Amsar kuwa tana wurin malamai: a mazhabar Malikiyya, wadda muke bi, ƴar tsaga kaɗan a kunne ba ta ɓata layya, sai idan ta wuce sulusin kunnen. Ma'aikacin kiwo idan ya faɗi haka ba lalle a yarda da shi ba. Amma idan limamin Juma'a ya faɗa, aka maimaita a rediyo da Hausa da Fulatanci da Buzanci da Barbarci da Tubanci, dillalai kuma suka ji, to magana ta ƙare. Fadar Sarkin Damagaram tana da bakin da za ta tara malamai a kan wannan.

Yanzu mu zo kan kasuwa, domin nan ne zuciyar maganar take. Me makiyayi yake samu idan ya yi wa garkensa allura? Lafiyar bisashensa, i. Amma ran da ya kai sa kasuwar Kundumawa ko Bakin Birji ko Gidigir, san da aka yi wa allura da wanda ba a yi wa ba kuɗinsu ɗaya, igiya ɗaya ake ɗaure su, kwami ɗaya suke sha. Mai tari yana tsaye kusa da mai lafiya tun safe har la'asar, wanda ba a saya ba kuma ya koma ruga da abin da ya kwaso. Kasuwar da ba ta da shinge, ba ta da ƙofa ɗaya inda ma'aikaci zai duba abin da ke shiga, ba ta da wani ɗan kewaye na ware maras lafiya, ita kanta mashayar cuta ce. A gefenta kuma ga masu tebur suna sayar da magungunan dabbobi a cikin rana, wasu sun daɗe da lalacewa, wasu ba a san inda aka yi su ba. Makiyayi ya sayi na ciwon huhu ya tsira wa saniyarsa, tarin ya lafa, ƙwayar ta kwanta, ya kai ta kasuwa da zuciya ɗaya.

Kowace dabba da aka sayar, hukumar gari tana karɓar haraji a kanta. A garuruwa da dama na wannan jaha, kasuwar bisashe tana cikin manyan hanyoyin shigar kuɗin hukuma. Muna tambayar magadan gari da masu riƙon garuruwa: nawa ne daga cikin wannan kuɗi yake komawa kasuwar? Famfo, da inuwa, da tudun loda bisashe a mota, da sikeli, ba kayan ado ba ne. Inda babu tudun lodi, da duka da jan wutsiya ake cusa sa cikin mota, ya isa Kano da rauni, fatarsa ta ɓaci. Inda babu sikeli, da ido ake ciniki, kuma idon wanda ya kwana a kasuwa ya fi na wanda ya fito daga daji da bashin hatsi a kansa. Akwai ofishin da ke tattara farashin bisashe na kasuwannin ƙasa. Wannan labari bai kamata ya tsaya cikin takardun Yamai ba, a riƙa karanta shi a gidajen rediyon karkara kafin ranar kowace kasuwa, yadda mai raƙumi a Belbeji zai san abin da ake ciki kafin ya ɗaura tafiya.

Mafi yawan bisashen da muke fitarwa waje Najeriya suke zuwa, da ƙafa ko da mota, ta Maigatari ran Alhamis da Mai'aduwa ran Lahadi, daga nan su wuce Kano har Legas. Daga Damagaram zuwa Kano bai kai sulusin nisan Damagaram zuwa Yamai ba. Wannan kusanci arziki ne, amma mai sayarwa da ke da mai saye guda ɗaya tak ba shi da ta cewa. Da aka karya darajar sefa a watan Janairu na 1994, bisashenmu suka yi araha ga ƴan Najeriya, kasuwa ta buɗe. Da naira ta faɗi a 2016, sai abin ya juya, makiyaya suka riƙa komawa gida da shanunsu. Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, sa'an nan takunkumin CEDEAO ya sake rufe su daga 2023 zuwa farkon 2024. A 2025 kuma, gab da babbar salla, gwamnatinmu ta dakatar da fitar da bisashe don rago ya yi sauƙi ga mutanen birni. An fahimci dalilin, amma ya kamata a riƙa tuna cewa sauƙin da mai saye ya samu daga aljihun mai kiwo ya fito, kuma mai kiwon da bai san ko za a bar shi ya sayar ba, ba zai kashe kuɗi a kan dusa da magani ba.

Rufe iyaka ba ya tsayar da saniya, hanya kawai yake sauya mata. Tana barin titi ta bi daji da dare, inda babu ma'aikacin da zai duba ta, babu takarda, babu haraji. Haka nan yawan shingayen hanya da ƴan kuɗin da ake karɓa ba rasit suke korar ƴan kasuwa daga hanyar gaskiya. Duk garken da ya bi ta daji ya ɓace wa likita.

A 1998 ƙasashen CEDEAO suka amince da takardar ƙetare iyaka ta makiyaya, wadda ke nuna yawan garke, da allurar da aka yi masa, da hanyar da zai bi. Nijar ta fita daga wannan ƙungiya a watan Janairu na 2025. Ko da wace ƙungiya muke, shanun Damagaram za su ci gaba da shan ruwa a Jigawa, na Jigawa kuma za su hauro mana da damina. Wajibi ne a sami yarjejeniya a rubuce tsakaninmu da Najeriya a kan wannan takarda, likitocin dabbobi na Damagaram da na jihohin da ke maƙwabtaka da ita su san juna, su riƙa sanar da juna ran da cuta ta ɓulla, su kuma daidaita watannin allurarsu. Dokar makiyaya ta 2010 ta riga ta tabbatar da cewa yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi, ba alfarma ba. Haƙƙin da ya tsaya a bakin iyaka rabin haƙƙi ne.

Masu cewa mu daina fitar da dabba a tsaye, mu riƙa yankawa muna sayar da nama, sun faɗi abin da kowa ke so. Tun zamanin kamfanin SONERAN ake wannan buri. Amma ƙasashen da ke sayen nama da tsada, na arewacin Afirka da na Larabawa, kafin su tambayi farashi sukan tambayi takarda: wace cuta ce ke ƙasarku, wa ya duba dabbar, a wace mahauta aka yanka ta? Ƙasar da ɓauru da ciwon huhu ke yawo cikinta ba tare da lissafi ba, ko ta gina mahauta mai sanyi ta zamani, ƙofar nan a rufe take gare ta. Daga shingen allura na bakin rijiya ake fara gina mahautar.

Abin da muke roƙon magabatan jahar Damagaram bai fi ƙarfinsu ba. A zaɓi manyan kasuwanni uku ko huɗu a fara da su. A kewaye su, a sa ƙofa, a ajiye ma'aikacin kiwo da firji a bakin ƙofar kowace ranar kasuwa. Dabbar da ta zo da shaidar allura a rage mata haraji, a ba ta layinta dabam inda manyan ƴan kasuwa za su fara dubawa. Wadda ba ta da shaida a yi mata allura nan take, mai tari kuwa a ware ta. A rubuta wa jama'a a jikin allo, da Hausa, kuɗin da kasuwar ta tara a wata da abin da aka yi da shi. Waɗanda suka fito daga makarantun yaƙi da jahilci suna nan a kowane ƙauye, suna iya riƙe littafin garake, su cika takardar allura, su karanta wa maƙwabtansu ranar da ke rubuce a jikin kwalbar magani. A kira sarkin dillalai na kowace kasuwa a zauna da shi tun farko, domin idan dillalai suka fara tambayar takardar allura kafin su kama igiyar dabba, makiyaya da kansu za su riƙa neman ma'aikacin kiwo tun kafin sanyi ya shigo.